Firiza a kunne ba ita ce sanyi ba: fashin baƙi kan gidajen abincin Bauchi

A mafi yawan gidajen abinci na cikin garin Bauchi, daga na bakin kasuwar Wunti har zuwa waɗanda ke ciyar da ɗalibai a Yelwa da Gwallameji, firiza ɗaya ce ke ɗauke da nauyin komai. Can ƙasanta ɗanyen nama ne da aka saro daga kwata da kaji a leda, a kansu kwalin kifi taitus, sai bokitin miyar jiya da robar yankakken kabeji, sannan a sama lemo da ruwan leda, tunda su kwastoma ke yawan tambaya. Ba a minti biyar ba a ɗaga murfinta ba. Wuta ta zo ta daskare gefe-gefe, wuta ta ɗauke ta saki. Ka tambayi mai wurin ko yana da inda yake adana abinci, zai nuna maka ita, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ka ce masa, "Alhaji, digiri nawa cikinta yake yanzu, kuma awa nawa ta kwana ba wuta jiya?" Nan za a shiga kame-kame.

Waɗannan tambayoyi biyu kuwa su ne kusan duk abin da dokokin adana abinci ke magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da taƙaita shi: abinci mai saurin lalacewa ya zauna ko dai ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyos, ko sama da digiri 60, kuma dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje. Firiza kuma, in daskarewa ake nufi da gaske, ta kai digiri 18 ƙasa da sifili. Tsakanin 5 da 60 ɗin nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninkuwa duk bayan minti 20. Yi lissafin da kanka: ƙwaya ɗaya tak, in ta samu awa bakwai a haka, ta haura miliyan biyu. Zafin da suka fi so shi ne wanda ya yi kusa da na jikin mutum, digiri 37, wato daidai abin da inuwar Bauchi ke bayarwa a watannin Maris da Afrilu, balle cikin kicin mai murhun itace da gas suna ci tare. Shi ya sa hukumomin lafiya na Amurka suka ce idan zafin waje ya haura digiri 32, awa biyun nan ta koma ɗaya. Mu a nan, watanni da dama na shekara a kan wannan awa ɗayar muke.

Abin da ke rikita mutane shi ne mun saba da hanci a matsayin alƙali. A shinshina nama, in bai yi bashi ba a ce lafiya lau. A ɗanɗana miya, in ba ta yi tsami ba a zuba wa mutane. Matsalar ita ce ƙwayoyin da ke sa abinci wari da yauƙi daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban. Na biyun ba su cika canza launi ko ƙamshi ba. Kaza na iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella tana nan fes, ba wari ba komai.

Sai hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta: "Ai za a ɗumama." Iyayenmu sun rayu da ɗumame ba firji, suna tafasa miya da dare su sake da safe, kuma tafasa na kashe yawancin ƙwayoyin cuta. To amma akwai waɗanda kafin su mutu sun riga sun zuba guba a cikin abincin, gubar kuma wuta ba ta yi mata komai.

Ɗauki shinkafa, wadda ita ce rabin cinikin kowane gidan abinci. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafar tun daga gona. Tana da wani ƙoƙo mai tauri da take ɓuya a ciki, dahuwa ba ta fasa shi. Da an sauke tukunya ta fara hucewa sai ta farka ta shiga haihuwa, tana sakin gubar da ke sa amai cikin awa ɗaya zuwa shida bayan ci. Farar shinkafar da aka dafa da hantsi, ta yini a daro, aka soya ta da hanta da karas da yamma aka kira ta soyayyiyar shinkafa, duk tururin da take yi a faranti bai taɓa wannan guba ba. Haka Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fatar mutane masu lafiya da kuma cikin ƙurji ko yankan wuƙa a yatsa. Hannu ya kai ta cikin yankakken nama, ko dafaffen ƙwai, ko haɗin salak mai bama, ɗumi ya ba ta lokaci, ita ma ta bar gubar da tafasa ba ta rusawa. Shi kuwa kifi irin su taitus da sadin, in suka narke suka daɗe a ɗumi, jikinsu na tara wani sinadari da ake kira histamin. Mutum ya ci, cikin mintuna fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya hau ƙaiƙayi, a ce ai kifin ne bai karɓe shi ba. Suya ba ta cire shi, banda ba ta cire shi, mayar da kifin firiza ma ba ta cire shi.

Babbar tukunya kuma tata matsalar daban, kuma a ganina ita ce aka fi yin sakaci da ita, musamman wajen masu girkin biki da na taro. Tukunyar dage-dage ko farfesun da za ta ciyar da mutum ɗari biyu ba ta hucewa kamar ta gida. Samanta ya yi sanyi, tsakiyarta na nan da ɗumi har asuba. A wannan ɗumi marar iska ƙwayar cutar Clostridium perfringens ke samun yadda take so, ita ce mai sa murɗar ciki da gudawa bayan awa 6 zuwa 24, lokacin da mutum ya riga ya manta abin da ya ci a ina. Wasu kukun na ganin sun yi dabara in suka juye miyar da zafinta a bokiti mai murfi suka danna firiza. Bokitin zai yi ƙanƙara ta waje, cikinsa kuwa sai ya ɗauki awanni bai sauko ba, ga shi ya ɗumama naman da ke maƙwabtaka da shi. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda manyan otal-otal da yawa ke aro, ta ce dafaffen abinci ya sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan ya kai digiri 5 cikin wasu awa huɗu. Ba a cim ma wannan da bokiti. Sai an raba miyar a tire-tire marasa zurfi, ko an tsoma tukunyar a daron ruwan ƙanƙara ana juyawa, an yanka manyan tsokoki ƙanana, an baza shinkafa ta sha iska kafin a rufe. Kula ma da ake dogaro da ita wajen kai abinci ɗakin taro, riƙe zafi take yi na ɗan lokaci, ba ƙara shi take yi ba. Wadda aka cika da asuba, aka buɗe bayan la'asar saboda amarya ba ta fito da wuri ba, abincin cikinta ya daɗe da faɗowa ƙasa da digiri 60.

Duk wannan, ana maganar inda wuta ke nan. Mu kuwa namu lissafin da ɗaukewar wuta yake farawa. Bauchi na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, tare da Filato da Gombe da Binuwai. A tsarin da ake bi, masu layin rukunin A ne aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma su ne aka ɗaga wa kuɗi zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024. Sauran rukunan alkawarinsu na sauka daga awa 16 zuwa 12 zuwa 8 har 4, alkawarin ma in an cika. A Oktoban 2024 kusan duk Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mata wuta. Fetur kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, janareto ya zama abin da ake kunnawa da lissafi: a tayar lokacin ciniki don fanka da talabijin da sanyin lemo, a kashe da an rufe shago. Wato awannin da ba kowa a wurin, su ne awannin da naman ke zaune ba sanyi.

Alƙaluman da ake yawan ambatawa su ne firji a rufe na riƙe sanyi kamar awa huɗu bayan an ɗauke wuta, firiza cikakkiya awa 48, mai rabi awa 24. Sharaɗin shi ne ba a buɗewa, kuma abin da ke ciki ya riga ya daskare har tsakiya. Firizar da ke samun wuta awa biyar a rana, ana kuma loda mata lemo mai ɗumi daga mota, ba ta taɓa kaiwa nan ba. Sama-sama take daskarewa. Daskarewa kuma ba kashe ƙwayoyin cuta take yi ba, tsayar da su kawai take yi. Da nama ya saki su ci gaba daga inda suka tsaya, ba daga farko ba. Awa uku na ɗumi yau, awa huɗu gobe, awa uku jibi, duk tarawa ake yi, alhali duk safiyar da mai wurin ya taɓa sai ya ji shi da tauri ya ce alhamdu lillahi. Alamun suna nan ga mai lura: jini da ya gangaro ya daskare a ƙasan leda, kaji da suka manne suka zama dunƙule ɗaya, manyan ƙwayoyin ƙanƙara a cikin kwalin kifi, kwalin kansa ya jiƙe ya bushe ya lanƙwashe.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. A zuba ruwa rabin gora, a kwantar da ita a firiza har ya daskare a gefe ɗaya, sannan a tsayar da ita tsaye a bar ta. Duk ranar da aka buɗe aka tarar ƙanƙarar ta koma gindin gorar, to firizar ta narke a bayan ido ta sake kamawa. Wannan shaida ce kawai, ba awo ba. Awon na ma'aunin zafi ne, ɗan ƙaramin nan da ake ratayawa a ciki, in so samu ne mai riƙe mafi zafin da aka kai tun dubawar ƙarshe, da kuma mai tsinke da ake sokawa cikin nama ko tsakiyar tukunya. Lambobin nan na 1 zuwa 5 ko 7 da ke jikin maɓallin firji ba digiri ba ne, ƙarfin aikin injin kawai suke nunawa, amma mutane da yawa na ɗauka in an murɗa zuwa 5 an samu digiri 5.

Shi kansa firjin akwai abin dubawa. A jikin takardar da ke manne a bayansa ko cikinsa akan rubuta irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai harafin N ko SN iyakarsa ɗaki mai zafin digiri 32, mai ST ya kai 38, mai T shi ne ke jure 43. A cikin na hannu da ake kawowa daga Turai akwai na rukunin farko. Ka ɗauki irin wannan ka jingina shi da bango kusa da murhu, ƙura ta rufe wayoyin bayansa, wuta kuma ta zo ba ƙarfi, kwamfureso, wato injin firjin, zai yini yana gurnani ba tare da ya kai sanyin da ake so ba. Robar bakin ƙofa ma tana saki. A datse takardar kuɗi da ƙofar a ja. In ta zare ba tirjiya, sanyi na tsiyaya ta nan dare da rana.

Batun jeri kuwa a taƙaice yake: dafaffe da abin da ake ci ba dahuwa a sama, ɗanye a ƙasa cikin mazubi mai murfi, kaji can ƙarshe. In da hali, abin sha ya samu nasa wurin daban. Ruwan ledar da ya kwana cikin ruwan da ya tsatso daga ɗanyar kaza, kwastoma da haƙori zai ɓula shi. Kuma kada a ɗauka firji mai kyau ya gama magana: ƙwayar cutar Listeria na iya hayayyafa a cikin sanyin firji, ita ce ta kashe mutum sama da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018 ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba dahuwa. Abin da aka dafa aka adana yana buƙatar kwanan wata a jikinsa, na farkon shiga ya zama na farkon fita.

To wa ke da alhakin duba duk wannan? Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren sayar wa jama'a abinci a wuyan ƙananan hukumomi, haka ma kwata da kasuwanni. Ma'aikatansu a wannan fanni su ne jami'an lafiyar muhalli, waɗanda har gobe duba-gari muke ce musu. NAFDAC, da aka kafa a 1993, ta fi ƙarfi a kan abin da aka sarrafa aka ƙunshe, irin su yogot da ruwan leda da kayan gwangwani da na shigowa daga waje. Farantin tuwo ba ya ɗauke da lambarta. Jiha na da ma'aikatar lafiya da hukumar muhalli ta BASEPA, tarayya kuma ta fitar da manufar ƙasa kan amincin abinci a 2014. Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Abin da ziyarar ta saba dubawa shi ne abin da ido ke gani: shara, magudanar ruwa, banɗaki, hular kai da rigar girki, takardar gwajin lafiyar ma'aikata da galibi ake sabuntawa duk wata shida, da rasit na kuɗin lasisi. Duk suna da amfani, musamman a jihar da ta sha fama da kwalara a 2021, kuma take cikin na gaba-gaba a zazzaɓin Lassa da ɓera ke yaɗawa. Amma kicin na iya cin wannan jarrabawa da maki ɗari alhali firjinsa na kan digiri 14. Duba-garin da ya shigo da ƙarfe goma na safe, wuta na nan, ba shi da hanyar sanin abin da ya faru da ƙarfe uku na dare, sai in an rubuta.

Rubutun nan shi ne zuciyar tsarin kiyaye amincin abinci da ake kira HACCP, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a shekarun 1960 don abincin 'yan sama jannati, daga baya hukumar Codex ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mai da shi abin koyi ga ƙasashe. Sunan na da ban tsoro, ma'anar kuwa mai sauƙi ce: ka gano wuraren da abinci ke iya zama haɗari a hannunka, ka sa iyaka, ka riƙa aunawa, ka rubuta, ka kuma san abin da za ka yi in an ƙetare iyakar. Ga mai gidan abinci a kasuwar Muda Lawal, wannan bai wuce littafi ɗan sittin da biro a ɗaure jikin firiza ba: awon safe, awon rana, awon dare, lokacin da aka ɗauke wuta, lokacin da aka kawo ko aka tayar da inji. Ina da ra'ayin cewa ƙaramar hukumar da ta saya wa duba-garinta ma'aunin tsinke, ta kuma ce littafin nan sharaɗin lasisi ne, ta fi wadda ta ninka tara amfani. An san za a samu masu cike shafin mako guda a zama ɗaya da biro iri ɗaya. Ma'aunin da ke hannun jami'in ne zai ƙaryata su.

Dalilin da ya sa abin bai dami kowa ba shi ne ba a ganin gawar. Wanda ya ci abinci ya kwana yana zagayawa, kemis zai je a ba shi magani, ya ce taifod ɗinsa ne ya tashi. Ba wanda zai haɗa shi da sauran mutum goman da suka ci daga tukunya ɗaya. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowa ɗanɗanawa gwargwadon yawan jama'arta, da mutum fiye da miliyan 91 da mace-mace 137,000. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su kaɗai 125,000 ne cikin mamatan duniya.

Akwai wani ɓangare da ban cika jin ana faɗa ba, wato jerin abincin da ake sayarwa. Abincinmu na asali an gina shi ne a kan rashin firji. Kilishi da banda bushewa ke tsare su, nono da kindirmo tsaminsu na rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, masar da Bauchi ta yi suna da ita ƙullinta tsami yake yi, daga tanda kuma sai faranti. Tsire daga wuta sai takarda. Su kuwa salak mai bama, shawarma, kek mai kirim, soyayyiyar shinkafa da yankakken kankana a roba, sun zo ne daga inda wuta ba ta ƙiftawa. Kunun aya ma, duk da namu ne, yini ɗaya na zafi ya ishe shi juyewa. Wanda ke kan layin awa takwas, ba sola, ba kuɗin man da zai kwana da inji, bai kamata ya ɗauko abin da sai da sanyin awa 24 ba. Ya sayi nama kullum daidai cinikin ranar tunda kwata na yanka kullum, ya dafa shinkafa sau biyu ko uku maimakon tukunya ɗaya tun safe, ya yanka kabeji lokacin da aka nema. Ribar sari da yawa da yake hange, narkewa ɗaya ta isa ta cinye ta. Mai hali kuma, firiza mai aiki da sola ta nama ita kaɗai, wadda ba a buɗewa sai sau biyu ko uku a rana, ta fi manya biyu da ke jiran wutar gari.

Saura abin da ya fi wuya, wato zubarwa. Ƙa'ida ta ce naman da ya narke amma har yanzu da ƙanƙara a jikinsa, ko bai haura digiri 5 ba, ana iya dafa shi ko mayar da shi. Wanda ya wuce haka na tsawon awanni, hukuncinsa shara. Faɗa da baki ba wuya, amma kwalin kaji jari ne, kuma a wurare da yawa kukun da ya ce "Hajiya, wannan fa ya taɓu" shi za a zarga, wataƙila ma a cire a albashinsa. Sai ya yi shiru ya ƙara yaji da tafarnuwa. Muddin faɗin gaskiya na jawo wa ma'aikaci asara, littafin awo ba zai taɓa nuna komai ba sai lafiya lau, don haka mai wurin ne zai fara cire wannan tsoro.

In ma an yarda abin ya lalace, ba kasafai yake kaiwa bola ba. Ma'aikata su raba su kai gida, ko a juye wa almajiran da ke bakin ƙofa da sunan sadaka, su kuma su ƙara yawo da shi a roba cikin rana kafin su ci. Ragowar abinci mai kyau da aka bayar da zafinsa a ranar, wannan alheri ne. Shinkafar da aka hana kwastoma don ana shakkarta kuwa, gubarta ba ta ragu ba don an canza mai ci. Ya kamata shafin littafin nan ya samu gurbi ɗaya na abin da aka fitar, da nawa ne, da inda aka kai shi, kuma duba-gari ya riƙa tambaya.